Gidan Mai-Ciyawa

Ranar Laraba ce, cikin watan da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa. Babu hadari, babu iska. Rana ta fito fara fat, ta yini tana dukan ƙasa. Shekara ta uku ke nan da fari, shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira. Daga Isa har Sabon Birni, duk hanyar da ka bi, warin mushe ne ke yi maka rakiya.

Wada yana da saniya ɗaya. A da goma sha ɗaya gare shi. Sunanta Kyalla, saboda farin da ke goshinta. Ya ba ta 'ya'yan gawo har suka ƙare. Ya ba ta karan dangarsa. Ya yaye bunun ɗakin kwanansa ya ba ta, har ya zama shi da matarsa Larai a fili suke kwana. Ran nan da safe ta kasa tashi, sai da ya zura sanda ƙarƙashin cikinta, Larai ta kama wutsiya, suka ɗaga ta.

Rabin mutanen ƙauyensu, can gefen Kamarawa, sun ɗaure kaya sun yi kudu. Wada ya rantse ba za shi ba. Ya ce muddin Kyalla na numfashi yana da abin da zai tada gida da shi in ruwa ya dawo. In ta mutu kuwa, sai ya bi sahun masu gudun yunwa da furfurarsa, ya bar gonar ubansa ga ƙadangaru.

Da hantsi ya tafi wurin Labbo neman shawara. Labbo tsohon makiyayi ne, yana zaune a ruga bayan gari, ya yi noma ya yi kiwo. Shanu tamanin ya shiga fari da su, yanzu ko igiyarsu ya sayar. Shekara da shekaru suna gaisawa, suna haɗuwa wurin jana'iza, amma Labbo bai taɓa sa hannu a akushin gidan Wada ba. Wada kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Labbo ya saurare shi yana tsifar tsohuwar tabarma. Sannan ya ce ciyawa ɗaya ta rage a ƙasar nan, kuma Wada ya san inda take.

"Gidan Mai-Ciyawa kake nufi?"

"Shi."

"Kai mi ya hana ka kai naka?"

"Ni ba ni da gado can," in ji Labbo. "Kai kake ɗan Helma. Ubanka ya yi wahalarta. Ka isa da maraice, ka yi sallama, in an tambaye ka ka faɗi ko ɗan wa kake. Za a gane ka."

Bai ɗaga kai ba har Wada ya tafi.

Gidan nan kowa ya san shi, ba mai zuwa. Wani Bature ne ya gina shi tun farkon zuwansu, tafiyar rabin yini ga mai jan dabba marar ƙarfi. Sunansa na gaskiya ya ɓace, Mai-Ciyawa ya bi shi. Uban Wada, Jibrilla, shi ne helman ma'aikatansa, kuma daga bakinsa Wada ya ji tarihin, shi kuma daga bakin kukun Baturen.

Wai a ƙasarsu uban Baturen yana da gidan dutse mai ɗaki arba'in, wanda kakan kakansa ya gina. Hotunan kakanni jere a bango suna kallon mai shiga. Ƙasa iyakar ganin ido, da manoma a kanta waɗanda ba su da ko taki ɗaya nasu, da barewa da ake kiwo don kallo kawai. A gaban gidan kuwa shimfiɗar ciyawa, shekara ɗari uku ana aske ta ana ba ta ruwa, ba a ba doki, ba a ba saniya. To, su a can babban ɗa shi ke kwashe gado duka, ƙanne su kama gabansu. Wannan ƙane ne. Ya fito daga gidan ubansa da akwati ɗaya da baƙin ciki, ya zo Gobir ya ce sai ya yi nasa.

Ya gina bene na jan bulo. Ya sa murhu a tsakiyar ɗaki da bututun hayaƙi, a ƙasar da zafi ke korar kare daga inuwa. Ya dasa maɗaci layi biyu daga hanya har ƙofa. Ya sa aka kawo masa irin ciyawa cikin gwangwani. Shinge kuma ya ce ba ya so, wai yana tare masa ido. Sai ya sa aka haƙa gwalalo ya kewaye ciyawar, zurfin mutum da rabi, aka gina bango a cikinsa, yadda in ka taho daga daji ba ka ganin komai sai kore, har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarka. Haka ake yi a gidajen manyansu, in ji kuku.

Ciyawar tana kamawa yunwar Kakalaba ta shigo. Rijiyoyi suka ƙafe, saura ɗaya, ta makiyaya, a bayan gidan. Bature ya ce tasa ce. Maza sun watse neman abinci, sai aka tattaro mata daga ƙauyuka da rugage, aikin tilas, su ɗebo su ba ciyawa. Doka biyu ce. Tulu ba ya taɓa ƙasa, daga ka za a karkato a zuba ana tafiya, don kada gindinsa ya ɓata shimfiɗar. Mai ɗauka kuma ba ta sha sai an tashi aiki. Jibrilla ke tsaye da dorina. Shanun da yunwa ta haukata kuwa in sun hango kore sai su sheƙo, su zuba a gwalalo, su karye.

Da yaƙin Jamus ya tashi aka kira Baturen, bai dawo ba. Gida ya zama kango. Ciyawar ba ta bushe ba. Wasu sun ce fatalwa ke ba ta ruwa. Liman ya ce matacce ba ya dawowa, aljanun rijiya ne suka ga abin da aka yi, suka ɗauki kamannin matan suka riƙe, su kuwa ba su san mantuwa ba.

Mata nawa suka faɗi a wurin, Jibrilla bai taɓa gaya wa kowa ba. Abin da Wada ya riƙe shi ne ubansa babban mutum ne, mai kwat na kaki, wanda dagatai ke yi wa magana da ladabi. Ya ga mutuwarsa, yana shan tulu bayan tulu yana kukan ƙishirwa, amma ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo.

Da Wada ya koma gida ya ciro dorinar ubansa daga cikin tsohon adudu. Larai ta gan ta, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Malam, wa ya aike ka?"

Ya ce Labbo.

Ta ce ko ya manta wace ce uwar Labbo? Habi, wadda tsofaffi ke cewa dorina ta tsaga mata kunne, ta faɗi kan ciyawar da tulu a ka da goyo a baya, ba a ba da gawarta ba sai da aka tashi aiki. Labbo yana ɗan shekara shida, yana tsaye a bakin gwalalo yana kallo. Mutumin da ya bar shanu tamanin suka mutu bai kai su can ba, shi zai nuna maka hanya don Allah?

"Zancen mata," in ji Wada. "Za ni kai ta, ta ci, mu dawo."

Ya kama igiya.

Tafiyar ta ci su. Kyalla ta yi taku goma ta tsaya, ya jira ta. Sau biyu ta durƙusa. Suka wuce gonaki fari tas, ko tsinke babu, suka wuce garken wani da ya mutu a kwance wuri ɗaya, fata ta manne wa ƙashi. Ungulaye ma sun ƙoshi, ba su tashi ba. Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwa, sannan ya hango bututun hayaƙin tsaye shi kaɗai sama da maɗatai.

Kyalla ce ta fara ji. Ta ɗaga kai, ta buɗe hanci. Sai ta ja shi. Dabbar da aka ɗaga da sanda da safe, ta ja shi har igiya ta ƙone masa tafi. Da ƙyar ya karkatar da ita daga gefen daji, inda gwalalo yake, ya bi da ita ta tsakanin maɗatai kamar yadda ubansa ya ce ake shiga.

Sannan shi ma ya ji. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko. Shekara uku rabonsa da shi. Hawaye ya zo masa bai sani ba.

Da kukan kwaɗi.

Ya tsaya ya saurara. Kwaɗi ne, da yawa, kamar a bakin tafki cikin Agusta.

Ciyawar tana nan shimfiɗe gaban kangon, kore shar, a aske daidai kamar jiya aka bi ta da langalanga. Rufin bene ya rufta, tagogi sun zama ramuka, jemagu na fita ɗaya ɗaya. Amma kan ciyawar ko busasshen ganye babu. Ya taka, sanyi ya ratsa faso ya shiga ƙafarsa. Kyalla ta kafa kai. Yana jin yadda take fizga, tana haɗiya ba tauna.

Magariba ta yi. Ya ga bai kamata a shiga gidan mutane a ci ba a yi magana ba, ko da kango ne. Ya fuskanci baranda ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Kwaɗi suka yi shiru, gaba ɗaya.

Amsar ba daga gida ta zo ba. Daga bayansa ta zo, wajen rijiya, murya a bushe kamar ana murza kara.

"Ɗan wa?"

Nan ne ya kamata ya ce shi baƙo ne, bawan Allah mai neman abin da dabba za ta ci. Amma Bagobiri ba ya ɓoye ubansa. Ya ɗaga dorina yadda za a gan ta, ya ce, "Wada ne, ɗan Jibrilla Helma."



Sai ya ji guga ya faɗa ruwa, can ƙasa. Ya ji igiya na gurzar itacen bakin rijiya. Ya ji ana tsiyaya cikin tulu, ƙara na hawa har ya cika. Sannan sawaye, marasa takalmi, da yawa, suna tahowa a jere.

Ya juya.

Mata ne. Sun fito ta gefen kango, ɗaya bayan ɗaya, kowace da tulu a ka. Zannuwan saƙi irin na da, a yage. Wuyansu ya nutse cikin kafaɗu. Leɓunansu sun tsage, fari fat, babu jini. Ruwa na gangarowa ta gefen fuskokinsu, yana wuce baki, ba mai fito da harshe.

Ba su dube shi ba. Suka kewaye shi.

Ya nemi addu'a, harshensa ya manne wa ganɗa. Ya ji dorina ta zame daga hannunsa, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun mahaukaci. Wasu yatsu masu sanyi suka ture hularsa. Aka ɗora masa gammo.

Aka ɗora tulu.

Wada ya sha ɗaukar damin dawa, ya sha ɗaukar azara, bai taɓa jin nauyi irin wannan ba. Wani abu ya yi ƙara a wuyansa.

"Ba ya taɓa ƙasa," aka raɗa masa a kunne. "Ba ka sha."

Dorina ta sauka a bayansa.

Ya tafi. Ya shiga layi, mace a gaba, mace a baya. Ya karkato tulu yadda suke yi, ruwa ya zuba kan ciyawa, ya fallatsa masa a ƙafa. Da ya ƙare suka juya rijiya. Aka cika. Suka dawo. Wanda ke riƙe da dorinar bai gan shi ba, hannu dabam dabam ne, wani da ƙarfi, wani da rawa, kamar ana miƙa wa juna kowa ya sami rabonsa.

Sahu na uku, ƙishirwa ta kama shi.

Sahu na biyar, harshensa ya kumbura ya cika baki. Ruwa na bin goshinsa, yana bin hancinsa. Ya buɗe leɓe kaɗan. Dorina ta tsaga masa kafaɗa.

Ya tuna ubansa a kan gado, da tuluna a jere.

Bayan wannan ya daina ƙirga. Jan sama ya tafi, ya rage ɗan haske kamar toka. Duk wucewa yana ganin farin goshin Kyalla, tana ci, ba ta ɗago ba. Ya san ba zai kai isha ba. Nan zai faɗi, kuma ba mai zuwa ɗaukarsa.

Wadda ke gabansa tana da goyo. Kan jaririn ya langaɓe baya, yana lilo da kowane taku. Ƙafafunta na harɗewa. Tana ta faɗin wani abu ƙasa ƙasa, ba da shi take ba, ba da kowa take ba. Da suka juya kwanar baranda ta karkata, ya ga kunnenta na hagu, a tsage biyu har ƙasa.

Sai ya ji abin da take faɗi.

"A sauke ni. A sauke ni."

A ƙasar nan ko maƙiyinka ka gani da kaya a ka ya ce sauke ni, sauke shi ake yi. Ba a tambaya. Wada ya yi wa mata dubu a bakin kasuwa da bakin rijiya. Hannuwansa ba su jira shi ba. Suka saki nasa tulun suka kama nata.

Nasa ya faɗi ya tarwatse.

Ya sauko da nata har ƙasa, gindinsa ya zauna cikin ciyawa. Ya cika tafin hannu biyu ya kai mata baki.

Duk layin ya tsaya.

Ta sha. Yana jin leɓunanta a hannunsa kamar ɓawon itace. Ya ƙara ɗebowa, ta sha. Ya ƙara. Shi bai kai ko ɗigo bakinsa ba.

Ta ɗago. Inda idanu suke babu komai sai duhu da ɗan ƙyalli can ƙasa, kamar ka leƙa rijiya.

"Ba yafewa na yi ba, ɗan Helma," ta ce. "Ƙafafunka na ba ka. Abin da ya ci ciyawa namu ne."

Sauran suka fara matsowa, kowace na karkato masa kai, kowace na raɗa. A sauke ni. A sauke ni. Sun fi arba'in. Bayansu wasu na fitowa.

Ya ruga.

Ya manta maɗatai, ya yanki ciyawa ya nufi daji. Yana cikin gudu ƙasa ta ƙare.

Ya faɗa kan ƙasusuwa. Ƙahoni, haƙarƙari, tsofaffi, suna farfashewa ƙarƙashinsa kamar busasshen kara. A sama sawaye suka iso baki suka tsaya. Ruwa ya fara zubo masa a ka, tulu bayan tulu. Ya rufe baki gam. Ya yi rarrafe, ya kama ƙasa da farce ta gefen da ba bango, ya zame, ya sake kamawa, ya fito.

Kyalla na tsaye a gabansa, a wannan gefen, igiya na ja a ƙasa. Cikinta ya yi tim. Yadda ta ƙetare bai sani ba.

Bai waiwaya ba. Ita ta shiga gaba har gida, ba ta durƙusa ko sau ɗaya ba, kuma duk taku yana jin ruwa na kaɗawa a cikinta.

Masu wucewa daga baya sun ce ciyawar tana nan kore, sai wuri ɗaya kusa da baranda, faɗin gindin tulu, da ya bushe ƙurmus. Wuyan Wada kuma bai sake miƙewa ba har ya mutu, gashi bai sake fitowa a tsakar kansa ba, daidai zagayen gammo. Amma wannan daga baya ne.

Da asuba Larai ta ga hantsar Kyalla ta cika, abin da ba ta gani ba tun bara. Ta ɗauko ƙwarya ta durƙusa. Ba nono ya fito ba. Ruwa ne, garau, mai sanyi, yana ƙamshin sabon tulu. Ƙwarya ta cika, ta juye a tulunta, ta ƙara, ta ƙara, har tulu ya cika baki. Ɗigon ƙarshe na faɗuwa saniyar ta durƙusa, ta miƙe wuya. Wada ya yi sauri ya sa mata wuƙa kada ta tafi mushe. Da ya farke tumbin, babu ko silin ciyawa ɗaya. Jiƙaƙƙen yashi ne da tsingaro.

Sannan ya ce wa Larai ta ɗaure kaya, gobe za su yi kudu. Ya ce kafin nan ta naɗa masa gammo ta ɗora masa tulun.

Ya ratsa gari da shi a ka, ba riga, ba hula, bayansa duk shatar dorina. Waɗanda suka rage suka fito ƙofa suna kallo, ba wanda ya yi dariya.

Labbo na zaune inda ya bar shi jiya. Ya dubi tulun. Ya sa Wada ya juya, ya dubi bayan, ya daɗe yana duba.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta. Ta sha." Muryar Wada da ƙyar take fita. "Wanga sauran ruwanta ne. Sauke ni, Labbo."

Labbo ya ɗauki tabarmarsa ya ci gaba da tsifa.

Wada bai sauke da kansa ba. Ya gyara tsayuwa, ya riƙe tulu da hannu biyu, ruwa na bin fuskarsa yana wuce baki. Yana nan tsaye har inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa.